"Zumunci a ƙafa yake", to amma ƙafar wa?

Uwar Biyu:
Salamu alaikum jama'a. Karin maganar nan nake so mu ɗan duba, "zumunci a ƙafa yake". Tun muna yara muke jin ta, amma yanzu na fara ganin kamar ta koma sandar dukan mutane. Ranar Asabar ina tsakiyar wanki, ba wuta tun daren Juma'a, gas ya kusa ƙarewa na samu na dafa taliya daidai cikinmu, sai ga sallama, matar ƙanin maigidana ce da yaranta kaf har da wata ƙanwarta, ko filashin babu. Da muka gaisa na ce Anti ai da kin kira na shirya muku, sai ta ce haba Yaya zumunci a ƙafa yake, sai na nemi izini zan zo gidanmu? Wallahi ba zuwan ne ya dame ni ba, kunyar da na ji ce ta tulu ba ruwa tukunya ba komai, sai da na aika aka ciyo bashin shinkafa a shago. To ma'anar kenan, ka ɗauki ƙafa ka faɗo wa mutum duk sanda ka ga dama?

Bakatsine:
Wa alaikumus salam. Yi haƙuri Hajiya amma ni ina bayan baƙuwarki. Ma'anar a fili take, zumunci ba a baki yake ba, ba "ina gaishe su" ba ne, sai ka taka ka je. Kuma a da, wa yake kiran waya? Sai 2001 wayar hannu ta shigo ƙasar nan, kafin nan haka kawai za ka ga goggonka ta sauko daga motar kasuwa da ƙullin daddawa da kuka, a shimfiɗa tabarma a ƙara ruwa a miya shi kenan. Shimfiɗar fuska ai ta fi ta tabarma. Mu ne yanzu muka ɗora wa kanmu sai an soya kaza an sayo lemon kwalba.

Uwar Biyu:
Malam Bakatsine da ganin maganarka ba kai kake shiga kicin ba. A ƙara ruwa a miya, taliya fa na ce, ita ma ruwan zan ƙara mata?

Auta:
Hhhh Anti kin gama da shi. Ni abin da ke ba ni haushi da maganar nan, ƙafa ɗaya ce kullum take tafiya. Mu ne ƙanana a gidanmu, mu za mu je Sallah, mu za mu je barka, mu za mu je dubiya, yayanmu da ke da mota biyu a unguwar Nasarawa GRA nan Kano bai san kalar ƙofar gidana ba, amma ranar da na yi wata biyu ban leƙa ba sai ka ji Umma a waya wai an ce na yanke zumunci. Shi ƙafarsa ta katako ce? Kuma in ka lura mai shi ake bi, talaka a dangi shi ne mai ƙafar, mai kuɗi shi ne mai falon.

Malamin Tudun Wada:
Auta, ƙorafinki yana da tushe, amma akwai hadisi a Bukhari da ya zo daidai kansa, cewa mai sada zumunci ba shi ne mai ramawa ba, wato ka zo min na zo maka, mai sada zumunci shi ne wanda in an yanke masa sai ya sadar. Kenan in kina jiran sai Yaya ya zo sannan ki je, ciniki kuke yi. Sannan akwai wanda ke cikin Bukhari da Muslim, duk mai son a yalwata masa arziki a tsawaita masa kwana to ya sada zumuncinsa. Ita kuma Uwar Biyu gaskiyarta ce ta wani ɓangaren, don addinin da ya ce a yi zumunci shi ya ce a nemi izini. Ku duba Suratun Nur aya ta 27 da 28, kada ku shiga gidajen da ba naku ba sai kun nemi izini kun yi sallama, in aka ce ku koma to ku koma. Sallama ma sau uku ce, ba a amsa ba ka juya. Yau wa za ka ce wa ya koma bai yi shekara yana gaba da kai ba? Kiran waya kafin a taso ni a ganina neman izinin zamaninmu ne, ba girman kai ba ne.

Bakatsine:
Allah ya gafarta Malam, ba na ja da aya. Amma ka san halinmu, in ka kira cewa za a yi "wayyo yau ba ma nan", gobe ma ba sa nan, a haka shekara za ta ƙare. Wani sa'in faɗowar ce kaɗai ke sa a ga juna.

Mai Adaidaita:
Ku bar ni na faɗi tawa don ni nake ɗaukar masu zumuncin nan. Ƙafar da ake magana yanzu fetur ce. Kafin 29 ga Mayu 2023 lita ba ta kai naira 200 ba, aka cire tallafi cikin 'yan kwanaki ta haura 500, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. Mace ta fito daga Rijiyar Lemo za ta Hotoro da yara, hawa biyu ko uku ne, ga tsaraba ko da biredi ne da lemon ɓawo don ba za ta shiga hannu rabbana ba, in ta tashi tafiya kuma matar gidan sai ta lalubo kuɗin mota ta ba ta, kowa ya yi asara an ce an yi zumunci. A da, Juma'a da yamma da ranar Lahadi ba na samun sararin shan ruwa saboda masu zuwa unguwa, yanzu sai suna ko rasuwa ko biki kake ganin mata sun fito da yawa. Har a Sallah ma na ga canji, da iyali guda za su ɗauke ni shata mu zaga gidajen dangi a ƙare a gidan zu yara su ga zaki, yanzu gida ɗaya ake zaɓa, gidan tsofaffi, kowa ya haɗu a can. Saboda haka wadda ta kwaso yara ta zo miki Hajiya, ki san ta kashe kuɗi, ba ta raina ki ba.

Hajiyar Zazzau:
Ni kuma wata karin maganar zan kawo muku ta kishiyanci wannan. Ido wa ka raina? Wanda nake gani yau da gobe. Hausawan da suka ce zumunci a ƙafa yake su ne suka faɗi wannan, kuma su ne suka ce baƙo raɓa. Raɓa kuwa da hantsi ya yi ta tafi. Akwai 'yar ƙanwata da ta zo min "kwana biyu" bayan ta gama sakandare, sai da aka yi azumi aka yi Sallah ƙarama aka yi layya tana nan, cajata ta zama tata, rimot a hannunta, in na yi magana a ce don ba ni na haife ta ba. Liyafar baƙo a hadisi kwana uku ce, abin da ya wuce nan sadaka ne, Malam yana nan ya gyara min. Ƙafar da ta kawo ka ita ya kamata ta mayar da kai, ni nan na tsaya.

Malamin Tudun Wada:
Haka yake Hajiya, ba gyara. Har an hana baƙo ya zauna ya ƙuntata wa mai masaukinsa.

Ɗan Maraɗi:
Mu nan "zumunta a ƙafa take" muka fi cewa, duk ɗaya ne. Ina karanta ku ina murmushi, kuna faɗa a kan wanda ya zo bai kira ba. Mu rabin danginmu a Katsina suke, kun san tarihin, har yau sarkinmu Sarkin Katsinan Maraɗi ake ce masa. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023 aka rufe iyaka, hanyar Jibiya da Ɗan Isa da muke bi kamar zuwa kasuwa ta tsaya, ba a buɗe ba sai Maris 2024. A tsakanin nan aka yi mana rasuwa a can, ta WhatsApp muka yi gaisuwa, ana riƙe wa tsohuwa waya a kunne tana kuka muna kuka. Mun gaisa dai, amma ban ji na yi ta'aziyya ba sai ranar da na zauna a kan tabarmar gidan. Wanda ke cewa waya ta wadatar bai gwada ba.

Auta:
Allah ya jiƙan musulmi. Amma Yaya na Maraɗi ai ba wanda ya ce waya ta wadatar a rasuwa. Muna maganar gurup ɗin dangi ne da kowa ke turo "Juma'at Mubarak" da hoton fulawa, a ce an yi zumunci. Wannan kam ko ni ban yarda ba. Sai dai wanda ke Legas ko Saudiyya yana turo wa tsofaffi kuɗin magani duk wata, da wanda ke maƙota yana zuwa kullum ya ci tuwo ya kwashe labarin gidan ya kai gaba, wanne ne mai zumuncin?

Bakatsine:
Na farkon mana, amma shi ma ranar da ya dawo in bai zaga dangi ba sai an yi da shi. Zuwa da kai ya fi saƙo.

Hajiyar Zazzau:
Na biyun kuma ba zumunci yake ba, gulma ce a ƙafa. Naka sai naka, daɗin zama sai bare, wanda ya faɗi wannan ya zauna da dangi ya gani.

Mai Adaidaita:
To Auta tunda Yaya ba ya zuwa, ki ce ya riƙa turo kuɗin mota mana, ƙafa taki fetur nasa. In ya amince ni zan riƙa kai ki, Nasarawa ba nisa.

Auta:
Tab, wanda ko kiran waya sai dai in ni na kira? Bari dai na gwada faɗa wa Umma, ita yake jin maganarta.