Me ya sa allurar hana haihuwa ba ta rage dawakan daji ba?

Sadiq_M: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Dawakan da suka koma daji a Amurka da Ostareliya kullum ƙaruwa suke, alhali akwai allurar hana goɗiya ɗaukar ciki. Ina gizo ke saƙar? Kuma me zai hana a dandaƙe ingarmu kawai a huta?

Likitan_Dabbobi: Wa alaikumus salam Malam Sadiq. Dandaƙa ba ta biyan buƙata, domin ingarma ɗaya da ya tsere ya isa ya hau goɗiyoyi da yawa. Lissafin yana wajen mata. Goɗiya na ɗaukar ciki wata 11, kuma mako ɗaya zuwa biyu bayan haihuwa tana iya sake ɗauka, shi ya sa garke ke ƙaruwa da kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari a shekara, ya ninka cikin shekara huɗu ko biyar.

Allurar hana ɗaukar cikin, wadda ake kira PZP, tana sa jikin goɗiya ya toshe wa maniyyi hanyar shiga ƙwai. Ana yin ta farko, a ƙara ta biyu bayan 'yan makonni, sannan a maimaita duk shekara. Da bindigar allura ake harbawa a cinya, daga nisan da bai wuce mita 50 ba, kuma dole a san kowace goɗiya da kamanninta, a rubuta ranar da aka yi mata. A nan aikin ke lalacewa. Ta yi tasiri a tsibirin Assateague na Amurka saboda garken ƙarami ne, ruwa ya kewaye shi. A hamadar jihar Nebada ta Amurka kuwa, doki na hango mutum daga nesa ya yi gaba. Ko a inda ta yi aiki raguwar a hankali take, don goɗiyar da ta huta da haihuwa ta fi daɗewa a duniya.

Hajiya_Rabi: Ƙari kan bayanin likita: wata doka ta 1971 ta ba dawakan daji kariya a Amurka, don haka hukumar kula da filayen gwamnati, wato BLM, kora su take da jirgi mai saukar ungulu zuwa shinge. Filayen da suke kiwo an ƙiyasta za su ɗauki dawaki da jakunan daji kimanin 27,000, amma a 2024 sun haura 70,000, ban da fiye da 60,000 da ake ciyarwa a tsare. Kwashewar ma tana da illa: waɗanda suka rage sun samu ciyawa a wadace, sai haihuwa ta ƙaru.

Bello_K: Ostareliya ta bi wata hanya. A gandun Kosciuszko kofato na farfasa fadamun kan tsauni da bakin rafuka, inda wani kwaɗo mai shirin ƙarewa ke hayayyafa. A 2023 aka halatta harbi daga jirgi, da nufin saukar da su zuwa 3,000 kafin tsakiyar 2027. Abin ba daɗi, amma a ganina allura ba za ta cim ma wannan ɓarnar ba. A Namibiya kuma akasin haka ne: dawakan Garub da ke hamadar Namib rijiyar burtsatse ce ke riƙe da su, fari da kuraye masu cinye dukushi ne ke neman ƙarar da su.