Albasa ta yi lawashi sosai amma ba ta ajiyuwa, laifin taki ne?

Manomin Galma:
Assalamu alaikum. Albasar rani a fadamar Galma ta yi lawashi kore shar, amma wuyanta ya yi kauri, ƙwallon bai yi tauri ba, kuma tun kafin wata biyu a ajiya ta fara ruɓewa. Yuriya aka riƙa zuba mata har dab da cira. Masana, ina matsalar take?

Ɗan Hunkuyi:
Wa alaikumus salam. Malam, yuriyar nan ce ta cuce ka. Sinadarin naitirojin kaɗai take bai wa shuka, kashi 46 cikin ɗari, aikinsa gina ganye. Albasa na son sa da wuri, domin yawan lawashin da ta yi kafin ta fara ƙwallo shi ke yanke girman ƙwallon. Amma in ka ci gaba da ba ta bayan ta fara ƙwallo, sai ta yi ta fitar da sabon ganye, wuya ya ƙi rufewa, danshi da ƙwayoyin cuta su bi ta nan su shiga ciki.

A hekta ɗaya, sa buhu 6 na kamfa 15-15-15 (mai naitirojin, fosfaras da fotash, kowanne kashi 15 cikin ɗari) wajen gyaran fangali, ka cuɗa da ƙasa. Yuriya buhu 2 ya isa: ɗaya sati 3 bayan dashe, ɗaya a sati na 6. Daga nan ka ɗaure bakin buhu. Kuma da ka watsa, ka bi da ruwa nan take, in ba haka ba rana ta kwashe maka kuɗi.

Malamin Gona, Samaru:
Haka ne. Sai dai mutanenmu na raina fotash, alhali shi ke sa ƙwallo ya yi tauri da nauyi, ya jure ajiya. In kamfa 20-10-10 ka samu a kasuwa, fotash ɗinsa bai kai ba, ƙara buhu 1 na fotash kafin dashe. Fosfaras kuwa na saiwa ne, kuma ba ya tafiya cikin ƙasa. Saiwar albasa gajera ce, yawancinta ba ta wuce santimita 30, don haka dole a binne shi tun farko. Wanda aka watsa daga baya amfaninsa kaɗan ne.

Yajin albasa daga sinadarin salfa yake. Kamfa da yawa ba su da ita, takin supa na da ita, buhu 2 zai taimaka, musamman a ƙasa mai yashi.

Mai Albasa, Ikara:
Ranka ya daɗe, a duba ban-ruwa ma. Idan kusan rabin lawashin ya kwanta, a tsayar da ruwa, a ba ta kamar sati 2 kafin cira. A shanya a inuwa mai iska har wuyan ya bushe ƙamas, sannan a yanke lawashi a bar kamar tsawon gaɓar yatsa. Masu kaurin wuya a ware su a kai kasuwa da wuri, kada a haɗa da na ajiya. Kashin kaji kuma sai wanda ya ruɓe sosai. Ɗanye yana ƙona saiwa, kuma yana sakin naitirojin a makare kamar yuriyar.