Ɗalibi ya share rubutun ɗan'uwansa a wiki: a hana ko a bari?

Malamin Tarihi: Assalamu alaikum. Kun ga abin da 'yan SS2 suka yi a wiki ɗin aji, shafin intanet ɗin nan da kowa ke iya rubutu da gyara a ciki, jiya da dare? Aikin Bayajidda da rijiyar Kusugu na ba su. Wata yarinya ta rubuta cewa daga Bagadaza ya taso, ya bi ta Borno, ya tsaya a Gaya maƙera suka ƙera masa wuƙa. Wani yaro ya share komai, ya rubuta "tatsuniya ce". Ta mayar, ya sake sharewa, haka suka yi ta yi har asuba. Ni dai a sa doka: kowa ya tsaya a shafinsa, ba mai taɓa na wani.

Malamin Kwamfuta: Wa alaikumus salam. Malam, in aka yi haka ai an tashi daga wiki, an koma littafin rubutu da aka ɗora a intanet. Tun da Ward Cunningham ya ƙirƙiro na farko a 1995, amfaninsa ke nan, kowa ya gyara na kowa. Kuma ko harafi ɗaya bai ɓace ba. Ka danna tarihin shafin za ka ga wa ya share, ƙarfe nawa, da abin da ya share.

Malamin Tarihi: Na gani. Yarinyar dai da jajayen idanu ta shigo aji.

Malamar Hausa: Allah sarki. Amma mu yi wa yaron adalci, Malam. Masana tarihi da dama a matsayin labarin baka suke ɗaukar zancen Bayajidda. Laifinsa shi ne sharewa ba hujja, ba sallama. Da ya bar rubutunta ya ƙara nasa a ƙasa, da mun samu darasi mai kyau. Ni dokar da nake so: duk wanda ya cire maganar wani ya rubuta dalili a akwatin bayanin gyara, in ba haka ba a mayar da ita.

Malamin Kwamfuta: Madalla. Wikipedia ta Turanci ma tana da irinta: ba a yarda mutum ya mayar da gyaran wani fiye da sau uku a shafi ɗaya cikin awa 24 ba, in ya wuce ana iya dakatar da shi. Gardama kuma a kai ta shafin tattaunawa. Mu sai mu rage zuwa sau ɗaya.

Hajiya, wakiliyar iyaye: Malamai, ku yi haƙuri in sa baki. Kuna ta cewa tarihin shafi zai nuna mai laifi. A gidana waya ɗaya ce tsakanin yara huɗu, kuma ba wanda ke fita daga asusunsa in ya gama. Ƙani ya yi ɓarna, sunan yayansa ne zai fito. Sannan na ga wata ta sa hoton ƙawayenta da cikakken suna da unguwa. Wa ya tambaye mu?

Mataimakin Shugaba: Hajiya ta faɗi gaskiya, wannan ya fi rikicin Bayajidda nauyi. Dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ta ce sai da amincewar iyaye ko mai riƙo kafin a sarrafa bayanan yaro. Daga yau babu hoto, babu lambar waya, babu adireshi. A rufe wiki ɗin ya zama sai 'yan aji ke gani. Takardar izini za ta je gida ranar Litinin.

Malamin Tarihi: Ranka ya daɗe, wannan na yarda. Amma maki fa? Yaro ya kwafo shafi guda daga Wikipedia ta Hausa ya liƙa, wata ta kwana tana rubuta layi biyar da kanta. A ido nasa ya fi yawa.

Malamar Hausa: Ka ɗauki jimla ɗaya ka sa a Google, nan take asirinsa zai tonu. A sa cikin doka, in ka ɗauko ka faɗi inda ka ɗauko.

Mataimakin Shugaba: To, a bar gyara a buɗe zangon nan, bisa sharaɗin Malama da na mayarwa sau ɗaya. Malamin Kwamfuta ya rubuta su a shafin farko, yara su karanta a aji.

Malamin Tarihi: Na ji, ba don na gamsu ba. Sai dai a faɗa mini wanda zai farka ƙarfe biyun dare ya ƙirga sau nawa aka mayar da gyara.

Malamin Kwamfuta: Zan riƙa kulle shafukan daga ƙarfe tara, Malam. Ka yi barcinka.