Hutun ƙarshen zango a sansanin bakin teku a Faransa: tanti ko ɗakin haya?

Abban Yara, Unguwar Rimi:

Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar. Ina so idan yara sun samu dogon hutu in ɗauke su mu yi kwana 10 a ɗaya daga cikin sansanonin hutu na bakin teku a Faransa, wajen birnin Bodo (Bordeaux), waɗanda ake kafa tanti ko a kama ɗaki. Mu shida ne: ni da maiɗakina da yara huɗu, masu shekara 13, 9, 6 da kuma auta mai shekara 2. Babu wanda ya iya ruwa a cikinsu. Tanti zan saya ko ɗaki zan kama? Wane mako ya fi? Me ake nema wajen biza? Sannan yaya ake yi da abinci da salla?

Malamin Tudun Wada:

Wa alaikumus salam Alhaji. Bari in fara da takardu, don idan su suka kwanta sauran maganar duk ta zama hira.

Bizar Shengen (ta shiga ƙasashen Turai, har da Faransa) ta gajeren zama za ku nema, kowa da fom ɗinsa har auta. Ana cike fom a shafin France-Visas, sannan a kama rana a cibiyar karɓar takardu a Abuja. Tun watan Yunin 2024 kuɗin biza Yuro 90 ne ga mai shekara 12 zuwa sama, Yuro 45 ga mai 6 zuwa ƙasa da 12, wanda bai kai 6 ba kyauta. Kenan ku uku 270, yara biyu 90, jimla Yuro 360, ban da ladan cibiyar. Idan an hana biza ba a mayar da ko sisi.

Doka ta yarda a shigar da takardu tun wata 6 kafin tafiya. Kada ka jira watan Yuni, lokacin ne kowa ke rububin rana. Ka shigar a Maris ko Afrilu. Fasfo ya kasance yana da sauran aƙalla wata 3 bayan ranar dawowa, da shafi biyu da ba a buga komai a kai ba. Fasfon yara ne ke yawan ba da kunya, saboda ba a cika duba ranar ƙarewarsa ba sai an zo gaban tebur. Inshorar lafiya dole ce, wadda ta kai Yuro 30,000 ga kowane mutum kuma ta rufe duk kwanakin. A haɗa da takardar haihuwar kowane yaro ta Hukumar Ƙidaya, da wasiƙar makaranta mai nuna ranar komawa aji, da ta wurin aikinka, da bayanan banki. Kuɗin da aka zuba a asusu dare ɗaya ana gobe za a buga bayanan, suna gane shi, kuma ya fi jawo zargi a kan asusu mai kuɗi daidai gwargwado da ke shiga a kai a kai.

Wajen kuɗin guzurin da za a nuna, Faransa na lissafa Yuro 65 a rana ga wanda ke da shaidar masauki, 120 ga wanda ba shi da ita. Saboda haka takardar da sansanin zai aiko maka ta nuna sunan kowa da ranar shiga da ta fita. Idan sunanka kaɗai ke jiki, ka rubuta musu su gyara. Kuma ka zaɓi kamun da za a iya sokewa, ko ka sayi inshorar sokewa bayan ka karanta ko ta haɗa da hana biza, don ba kowace ce ke haɗawa ba.

Injiniyan Kakuri:

Ranka ya daɗe, ka manta da tanti. Tanti na mutanen da ke tuƙo motarsu daga gida ne da komai a but. Wanda ya taso daga Rigasa a jirgin ƙasa, ya hau jirgin sama a Abuja da jakar kilo 23, ba zai ɗauko tantin mutum shida da katifu da barguna da tebur da kujeru da murhu da tukwane ba. In ka ce a can za ka saya a kantin kayan wasanni na Decathlon, ranar dawowa wa za ka bar wa?

Abin da za ka kama shi ne wanda suke kira mobil-home: ɗan gida ne na katako da roba, da ɗakunan kwana biyu ko uku, da bayi da wurin wanka a ciki, da firji da murhun gas da kwanuka. Ku nemi mai ɗaki uku. Wanda aka rubuta "mutum 4 zuwa 6" ɗaki biyu ne, sauran mutum biyun a kujerar falo za su kwana. Kuma jariri ma mutum ɗaya ne a lissafinsu. In adadi ya wuce abin da aka rubuta suna iya hana ku shiga tun daga ƙofa.

Farashin da ka gani a shafi ba shi ne ƙarshe ba. Yawanci babu zanen gado da tawul, sai ka yi haya ko ka zo da naka. Akwai kuɗin ajiya da suke riƙewa a kati ranar shiga, a sake shi idan ba a fasa komai ba. Akwai kuɗin shara idan ba ku goge ɗakin da kanku ba. Akwai harajin kwana na ƙaramar hukuma a kan kowane babba, yara 'yan ƙasa da 18 ba sa biya. Na'urar sanyaya ɗaki ma ba kowane ɗaki ke da ita ba. Ka tafi da katin asusun dala, kada ka dogara da katin naira.

A Yuli da Agusta yawancinsu daga Asabar zuwa Asabar suke bayarwa, a shiga wajen ƙarfe 4 ko 5 na yamma, a fita ƙarfe 10 na safe. Don haka kwana 10 ɗinka zai fi sauƙi ya zama mako guda a sansani, sauran a otal a Faris ko Bodo. Jirgin ƙasa mai gudu daga tashar Montparnasse ta Faris zuwa Bodo awa biyu ne da 'yan mintoci.

Maganar wuta kuma. Wutarsu volt 230 ce kamar tamu, amma soket ɗinsu mai rami biyu zagayayyu ne, filoginmu mai ƙafa uku ba ya shiga. Ka sayi adafta biyu da igiyar ƙari guda daga nan Kasuwar Sheikh Gumi, ka gama. Wanda ya nace sai tanti, shi ne zai sha lissafi: akwatin wutar fili yana ba da amfiya 6 ko 10, wani wurin 16, ta wani shuɗin filogi na musamman. Amfiya 6 sau 230 wat 1,380 kenan. Butar lantarki kaɗai tana jan wajen 2,000, tana hawa wuta ta yanke. Kuma ko ruwan sama ake kamar da bakin ƙwarya, ba a kunna murhu ko gawayi a cikin tanti. Iskar da ke fita ba ta da wari, barci take sawa, mutum ya wuce daga nan.

Gashi da gawayi ma yawancin sansanonin yankin sun hana, sai a wurin da suka ware, domin suna tsakiyar dajin itacen pine mai kama wuta kamar fetur. A Yulin 2022 gobarar La Teste-de-Buch ta cinye sansanoni biyar a gindin tudun yashin Pilat. Ranar da kuka isa ka zagaya da yara ku ga inda aka ce a taru idan an busa ƙararrawa.

Hajiyar Barnawa:

Alhaji, duk sun yi magana amma ba su taɓa wurin da ya fi tsaya min a rai ba: ka ce babu wanda ya iya ruwa. Tekun Atlantika na wannan gaɓar ba wurin koyon iyo ba ne. Akwai wasu kwaruruka da ruwa ke haƙawa a yashi, mutanen wurin na ce musu baïne. Idan teku ya janye sai ka ga wani tafki kwance luf, babu igiya, har da ɗan ɗumi, daidai abin da zai ja hankalin uwa ta ce yara su shiga nan. Da ruwa ya fara dawowa, abin da ya taru a kwarin sai ya nemi hanyar fita ta wani siririn baki, ya ja mutum zuwa tsakiya da ƙarfin da ko gwani ba ya iya ja da shi. Inda ya fi kama da lafiya nan ne ya fi haɗari. Wanda ruwan ya ɗauka kada ya yi kokawar komawa gaɓa kai tsaye, gajiya ce ke kashewa. Ya bar ruwan ya tafi da shi yana ɗaga hannu har masu ceto su gan shi.

Ana shiga ruwa ne kawai tsakanin tutoci biyu masu ja da rawaya, a sa'o'in da masu ceto ke kan aiki. Tutar sama kuma: kore a shiga, rawaya a yi hattara, ja an hana. Teku na cika ya janye sau biyu a yini, kusan awa 6 tsakani, kuma ana liƙa jadawalin a rumfar masu ceto. Lambar gaggawa 112, ta ceto a teku 196.

Shawarata ku kama sansanin da ke bakin tafki, ba bakin teku ba. Biscarrosse, Sanguinet, Lacanau da Hourtin duk suna da manyan tafkunan ruwan daɗi a bayan tudun yashi. Bakinsu ba zurfi, yaro zai yi tafiya mai nisa ruwa bai wuce gwiwarsa ba, kuma ya fi teku ɗumi. Teku 'yan kilomitoci ne daga nan, a je da yamma a sha iska a dawo. Duk da haka auta da mai shekara 6 su sa rigar ceto, kuma babba ɗaya ya ajiye waya ya zuba musu ido. Ba a ɗora wa mai shekara 13 tsaron ƙannensa a ruwa.

Maiɗakinka ta sani tun daga gida: hijabi da mayafi babu mai hana ta. Niƙabi ne dokar 2010 ta hana a bainar jama'a, tarar na kaiwa Yuro 150. Kududdufin iyo na sansani kuma kowanne da ƙa'idarsa. Da yawa ba sa barin maza su shiga da gajeren wando mai faɗi sai matsattse, wasu kuma ba sa barin rigar iyo mai rufe jiki. A rubuta a tambaye su kafin a biya, a ajiye amsar a waya.

Abinci. Kilishi, dambun nama, man shanu, madarar gari da aka ƙulla a leda: kada ko ɗaya ya shiga jaka. Tarayyar Turai ta hana matafiyi shigo da nama da kayan madara daga waje, kwacewa za a yi, wani lokaci har da tara. Garin kuka, busasshiyar kuɓewa da yaji ba sa cikin wannan hanin, a ɗaure su da kyau a rubuta suna a jiki. Mahautan halal suna Bodo, amma a ƙauyukan bakin ruwa da wuya a samu. A yi sayayyar nama a gari ranar shiga, a sa a jakar sanyi, na kwana biyu ko uku kawai, don gidan ƙanƙarar firjin ɗan mitsitsi ne. Sauran kwanaki kifi da ƙwai da taliya. A kanti a riƙa duba waɗannan kalmomi a jikin kaya: porc, jambon, lardons, saindoux, duk alade ne. Gélatine kuma tana cikin alewar yara da yawa. Shagon cikin sansani tsada gare shi, na burodi ne da safe. Babbar sayayya sai manyan kantuna irin su Leclerc ko Lidl, kuma yawancinsu suna rufewa ranar Lahadi da rana.

A sa buta a jaka. Babu ita a can. Da rigunan sanyi ma, don dare kan yi sanyi ko a Agusta.

Malamin Tudun Wada:

Hajiya ta gama magana kan tafki. Saura salla da zaɓen mako.

A Kaduna alƙibla gabas ce mai karkata arewa. A yammacin Faransa gabas ce mai karkata kudu, don haka kada ka bi sabo, ka duba na'ura. A Yuli rana ba ta faɗuwa sai kusan ƙarfe 10 saura, isha ta kai wajen sha ɗaya da rabi, asuba kuma ta zo da wuri. Yara za su ce ba za su kwanta ba tunda gari da haske. A ƙarshen Agusta magariba ta dawo kusa da ƙarfe 9 saura, abin ya fi sauƙi. Batun ƙasaru, a mazhabar Malikiyya wanda ya yi niyyar zaman kwana 4 cikakku a wuri ya cika sallarsa, kenan a hanya za ku yi ƙasaru, a sansani ku cika.

Makon ƙarshe na Agusta shi na fi zaɓa maka. Yaran Faransa suna komawa makaranta farkon Satumba, don haka farashi na sauka sosai daga wannan makon, ga ruwa ya sha rana duk bazara ya yi ɗumi, namu kuma ba su koma ba tukuna. Daga tsakiyar Yuli zuwa 15 ga Agusta, wadda ranar hutu ce a ƙasar, nan ne tsada da cunkoso suke, mako guda na iya haura Yuro 1,000 nesa ba kusa ba. Kada dai ka zarce cikin Satumba, masu ceto suna fara raguwa a bakin ruwa, wasannin yara na sansani su tsaya.

Injiniyan Kakuri:

Ƙarin bayani kan mota, don wurin ba ya yiwuwa da ƙafa. Ku shida da kaya sai mai kujera 7, kuma in an buɗe kujerun baya but ɗin kusan babu shi, don haka manyan akwatuna uku ne iyaka. A kama ta tun da wuri a tashar jirgin Bodo, a faɗa musu in otomatik ake so, don yawancin motocinsu masu giyar hannu ne. Hannun dama suke bi kamar mu. Ka yi lasisin tuƙi na ƙasa da ƙasa a hukumar kiyaye haɗurra ka haɗa da naka. Yaron da bai kai shekara 10 ba dole ya zauna a kujerar yara, kenan uku za ka nema: cikakkiya ga auta, ta ɗagawa ga mai 6 da mai 9. Ka tambayi sansanin ƙarfe nawa suke kulle ƙofar mota da dare, don bayan lokacin a waje za ka ajiye ta ku tako da ƙafa.

Abban Yara, Unguwar Rimi:

Allah ya saka da alheri, Malam, Injiniya, Hajiya. Na ajiye maganar tanti. Zan duba Sanguinet da Biscarrosse, mai ɗaki uku, makon ƙarshen Agusta. Na ɗauko fasfo yanzu, na mai shekara 9 zai ƙare a Oktoba, Litinin zan fara da nasa.