Bindiga ɗaya za ta iya harbin faifan yumɓu da farauta?

Sabon maharbi:
Salam 'yan uwa, don Allah ina neman shawara. Shotgan (bindiga mai watsa ƙananan ƙwayoyin harsashi) nake so in saya guda ɗaya tak, wadda zan riƙa atisayen harbin faifan yumɓu (wanda ake cillawa sama a harba) da ita kuma in fita farautar tsuntsaye, wacce iri ta fi dacewa?

Tsohon hannu:
Wa'alaikumus salam. Ka nemi geji 12 (geji shi ne ma'aunin faɗin bakin bindiga) mai baki biyu, ɗaya bisa ɗaya, tsawon bakin inci 28. Masu harbin faifai zalla sun fi son inci 30 ko 32 da nauyi sosai saboda nauyin yana rage dukan kafaɗa, to amma ka ɗauke ta ka yini kana yawo a daji kafin la'asar hannunka ya sage wallahi. Kuma lallai ta zama mai cok (ɗan bututun ƙarshen baki da ke daidaita bazuwar harsashi) da ake cirewa a sauya, ka sa mai faɗi in abin harbin na kusa ne, matsattse in da nisa. Bindigogi irin su Beretta 686 ko Browning Citori.

Mai agwagi:
Ni dai samiotomatik na fi so gaskiya, wato mai ɗura harsashi na gaba da kanta, mai aiki da gas ɗin da harbi ke fitarwa ba ta duka sosai, sai dai tana son wanki akai-akai. In agwagin ruwa za ka harba ka tabbatar tana ɗaukar harsashin ƙarfe, ƙasashe da yawa sun hana na dalma a fadama.

Tsohon hannu:
Haka ne malam. Amma kafin ka biya ka ɗora ta a kafaɗa ido rufe, ka buɗe, in idonka bai hau saiti daidai ba ka ajiye ta ko da sunanta ya kai ina.