Ɗan fari ne, ina Rabi'u ya fito?

Baffa: Salamu alaikum. Na ji wai jibi Rabi'u za a raɗa wa jaririn nan. Ɗan fari fa? Auwalu, Sani, Salisu, sannan Rabi'u. Ina sauran ukun suka shiga?

Uban jariri: Allah ya ƙara girma, Baffa. Ba na ƙirga nake nufi ba. Ran 9 ga Rabi'ul Awwal aka haife shi, shi ya sa.

Goggo: To watan ma ba na huɗu ba ne?

Hamma: Na uku ne, Goggo. Muharram, Safar, sai shi.

Adda: Baffa, a yi mini afuwa, kalmomi biyu ne a Larabci. Na ƙirga alif ne bayan ra, "raa" ake ja: Raabi'u. Na watan kuwa harafin "ya" ne bayan ba, "bii" ake ja: Rabii'u, wato lokacin da ciyawa ke tsirowa ƙasa ta yi kore shar. Rubutun boko ne ba ya nuna jan wasali, sai suka zama abu guda a takarda. Kuma sunan magabata ne. Akwai Rabi'u ɗan Sulaimanu, almajirin Imamu Shafi'i a Masar.

Baffa: Masar daban, unguwarmu Jekadafari daban. Liman na raɗawa, maroƙi zai ɗaga murya da "raa", shi ke nan ya zauna. Wa zai bi 'yan ajinsu yana gyara musu baki? Ni Muhammadu na biyu ne a gidanmu, shekara 60 duk wanda ya ji Sani ya san akwai wani a gabana. Amfanin sunan ke nan.

Hamma: A da ke nan, Baffa. Maƙwabcina a Pantami Ashiru ne, wato na goma, su uku kacal babansu ya haifa.

Adda: Ita Rabi'atul Adawiyya ta Basra, an ce 'ya ta huɗu ce, nata na ƙirga ne. Amma Rabin gidanmu fa? Ita ce ta fari, ba wanda ya ce uffan.

Baffa: Wannan sunan kaka ta ci. Shi sunan wa ya ci?

Uban jariri: Rago dai yana ɗaure, goro ya iso. In Baffa ya ce a canza, a canza.

Baffa: Ban ce a canza ba. Tambaya na yi.

Goggo: Ku yi ta yi. Uwarsa dai ba faɗin sunan ɗan fari za ta yi ba, ko da "raa" ko da "bii". Ƙarfe nawa za a taru?