Neman sawun kakanmu da ya tafi Gwanja

Bakano: Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema. Kakan mahaifina Ba'agale ne, ya bi ayari daga Kano zuwa Gwanja, a arewacin Ghana ta yau, fataucin goro, bai sake dawowa ba. Ya bar mata da jariri, wato kakana. Abin da ke hannunmu wasiƙa ce guda ta ajami, inda ya ce ya yi gida a Salaga har ya ƙara aure. Mahaifina ya tsufa, kullum zancensa ke nan, yana so ya ji ko akwai jininmu a can. Ta ina zan fara?

Ɗan Zango, Kumasi: Wa alaikumus salam. Ɗan uwa, kada ka kafe a kan Salaga kaɗai. Yaƙin basasar 1892 ya watsa garin, Hausawa suka bazu Yeji, Kintampo, Atebubu da Kete-Krachi, daga baya wasu suka gangaro Kumasi da Ankara (Accra). In ya riga yaƙin zuwa, da wuya a ce iyalinsa ba su tashi ba. Ka fara da fadar Sarkin Zango a kowane gari, su suka san gidajen da suka fara sauka.

Hajiya, Tamale: Ɗana, kafin ka kashe kuɗin mota, zauna da tsofaffin matan gidanku. Mu mata mu ke riƙe da dangantaka. Ka tambayi laƙabinsa, don a zango ba a cika kiran mutum da sunan yanka ba, sai a ce Na-wane ko Mai-kaza. Ka tambayi irin zanen fuskarsa, da unguwarsu, da sunan madugun da ya bi in ana tunawa. In ka iso nan kuma ka riƙo goro, ka gaisa sosai, kada ka buɗe baki da tambaya. Wasu gidajen suna jin an ce daga Najeriya, sai su zaci rabon gado aka zo nema. Ka faɗa tun farko cewa zumunci ya kawo ka.

Malamin tarihi: Na goyi bayan Hajiya. Ta fuskar takardu, akwai ma'adanar gwamnatin Ghana, PRAAD, a Ankara, da reshenta a Tamale da Kumasi. Amma abin da na fi so ka gani shi ne tarin rubuce-rubucen Larabci da ajami a Cibiyar Nazarin Afirka ta Jami'ar Ghana, Legon. Akwai waƙoƙin Alhaji Umaru na Kete-Krachi, haifaffen Kano, wanda shi ma ya zauna Salaga ya tashi bayan yaƙin, ya rasu a 1934. In kakanka mai karatu ne, bi ta salsalar malamai. Sai dai ka sani, Kete-Krachi tana hannun Jamus kafin Yaƙin Duniya na Ɗaya, kuma tafkin Volta ya cinye tsohon garin bayan gina madatsar Akosombo.

Baba, Sakkwato: Malam, takardar Bature ba ta cika rubuta talakan fatake ba, sai wanda ya yi shari'a ko sarauta. Ni a Kumasi aka haife ni. Dokar korar baƙi ta 1969, zamanin Firayim Ministan Ghana Busia, ita ta dawo da mu. Gidaje da yawa sun dawo haka. Mai yiwuwa danginka suna nan gida kana hangen nesa. Ka tambayi tsofaffin 'yan goro a Kano tukuna.

Bakano: Allah ya saka da alheri. Baba, wallahi wannan bai taɓa zuwa raina ba. Gobe zan je wajen gwaggona, ita ce babba yanzu.

Malamin tarihi: Ɗauki hoton wasiƙar gaba da baya ka turo mini. Sau da yawa ana rubuta sunan wanda ya kawo saƙo a gefe, daga nan ma ana iya kama zare.